Faifan C ya yi ja: me zan goge, wane faifai zan saya?

Tambaya: Ina da HP EliteBook 840 G3 da na saya ta hannu, Windows 10 ce a kanta, faifanta GB 128. Yanzu layin faifan C ya koma ja, saura GB 4 kacal. Sabuntawar Windows ta ƙi sauka, kwamfutar kuma ta yi nauyi. Na goge hotuna da yawa amma wurin bai ƙaru ba. Me zan goge ba tare da na lalata wani abu ba? Idan kuma sai na canza faifai, wane iri zan saya, kuma yaya zan mayar da kayana kansa?

Amsa:

Malam, tambayoyi biyu ka haɗa wuri guda, kuma amsar ta farko ce za ta nuna ko akwai buƙatar ta biyu. Kafin ka sake goge ko da fayil ɗaya, kafin kuma ka kai kuɗinka kasuwa, sai ka fara ganin abin da ya cinye wurin da idonka. Hoton waya ɗaya yakan kama MB 3 zuwa 5 ne. Ko ɗari biyu ka goge, da ƙyar ka samu GB 1. Ga shi kuma abin da ka goge bai bar faifan ba tukuna, yana kwance a Recycle Bin da nauyinsa cif, sai ranar da ka zazzage kwandon. Shi ya sa ba ka ga canji ba.

Akwai kuma lissafin da ya kamata ka sani. Faifan da aka rubuta wa GB 128, Windows za ta nuna maka shi a kusan GB 119, domin kamfanoni da dubu-dubu suke ƙirgawa, ita kuwa da 1,024. Ba cutarka aka yi ba. Haka na 256 yake fitowa 238, na 512 ya fito 476, na TB 1 ya fito 931. A cikin 119 ɗin nan, Windows da sabuntawarta da ɓoyayyun fayilolinta suna iya kama GB 30 zuwa 40, sannan Office da Chrome da sauran manhajoji su ɗebi nasu. Abin da ya rage maka bai wuce rabin faifan da kaɗan ba. Layin yana komawa ja ne da zarar sararin da ya rage ya gaza kashi 10 cikin 100.

Sauko da ƙaramar manhaja mai suna WizTree, kyauta ce ga mai amfani a gida. WinDirStat da TreeSize Free ma aiki ɗaya suke yi, sai dai WizTree ta fi su sauri saboda tana karanta jadawalin fayilolin faifan ne kai tsaye, cikin 'yan daƙiƙoƙi ta gama. Buɗe ta da Run as administrator, in ba haka ba akwai foldojin da ba za ta iya leƙawa ba. Za ta jero maka komai daga mafi girma zuwa ƙarami, a ƙasa kuma ta zana murabba'ai masu launi, girman kowanne daidai da wurin da ya ci. Kada ka goge komai daga cikinta tukuna. Ka dai rubuta manya goma na farko a takarda, ka raba su gida biyu: waɗanda ke ƙarƙashin C:\Windows, da waɗanda ke ƙarƙashin C:\Users da sunanka. Na farkon kayan Windows ne, da kayan aikinta ake taɓa su. Na biyun naka ne.

Sharar da Windows ke tarawa

Shiga Settings, sai System, sai Storage, ka danna Temporary files, ka jira ta gama lissafi. Abubuwan da za ka sa wa alama ba tare da fargaba ba su ne Windows Update Cleanup, Delivery Optimization Files, Temporary files, Thumbnails da Recycle Bin. Na farkon shi ne yakan fi tsoka. A kwamfutar da ta daɗe ba a share ba yana iya kai GB da yawa, kuma gogewarsa tana ɗaukar lokaci har mutum ya zaci ta maƙale. Bar ta ta gama.

Ka lura da akwatin Downloads da ke cikin wannan jeri. Idan ka sa masa alama, duk abin da ke foldar Downloads zai tafi, kuma ba ta kwandon shara zai bi ba. Mutane da yawa a nan suke ajiye takardun makaranta, rasit da hotunan biki ba tare da sun mayar da su wani wuri ba. Bar akwatin nan fayau, ka shiga foldar da kanka daga baya.

Idan ka ga Previous Windows installation(s), wannan ita ce foldar Windows.old, wato tsohuwar Windows da aka ajiye bayan babbar sabuntawa don ka iya komawa baya. Tana iya kai GB 10 zuwa 30. Windows takan goge ta da kanta bayan kwana 10, amma wani lokaci takan yi zamanta, musamman idan mai gyara ya sake loda Windows a kan tsohuwa ba tare da ya yi fomatin ba. A wannan hali ka fara leƙa C:\Windows.old\Users, domin tsofaffin takardunka suna iya kasancewa a can. Ka kwashe su, sannan ka goge ta nan.

A WizTree za ka ga manyan fayiloli biyu a gindin C: hiberfil.sys da pagefile.sys. Na farkon shi ne inda kwamfuta ke juye abin da ke cikin RAM, wato ƙwaƙwalwar aikinta ta wucin gadi, idan za ta yi dogon barci, girmansa kuma kusan kashi 40 cikin 100 na RAM ɗinka ne. Mai GB 8 zai ga wajen GB 3. Ana kashe shi ta buɗe Command Prompt a matsayin administrator a rubuta:

powercfg /h off

Nan take fayil ɗin zai ɓace. Amma a laftof ba na ba da shawarar haka, balle wadda batirinta ya fara gajiya. Idan aka ɗauke wuta batir ya zo ƙarshe, wannan fayil ne ke ba kwamfutar damar adana aikin da kake kai kafin ta mutu. GB 3 bai kai asarar rubutun awa biyu ba. A kwamfutar tebur, wadda dama ɗauke wuta kashe ta yake yi farat ɗaya, kashe shi ba wata asara. Shi kuwa pagefile.sys ka bar shi yadda yake. Shi ne mataimakin RAM idan ta cika, cire shi kan sa manhajoji su riƙa rufe kansu suna korafin ƙarancin ƙwaƙwalwa.

Foldoji biyu ne suka fi jan hankalin mai neman wuri, kuma su ne suka fi lalata Windows idan aka sa musu hannu: C:\Windows\WinSxS da C:\Windows\Installer. WinSxS ba ta kai girman da take nunawa ba, domin yawancin abin da ke ciki fayiloli ne da ake ƙirga su sau biyu, a can da kuma a System32. Hanyar rage ta ita ce wannan umarni, shi ma a matsayin administrator:

Dism /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup

Ita kuwa Installer, idan ka goge abin da ke cikinta, Office da makamantanta za su ci gaba da aiki kamar ba a yi komai ba, sai ranar da ka zo sabunta su ko cire su, su ƙi, su ce sun rasa fayil ɗin da aka girka su da shi.

Saura System Restore. Rubuta Create a restore point a wurin bincike, zaɓi C, danna Configure, ka duba Max Usage. Wasu kwamfutocin za ka tarar an bar shi a kashi 15 ko fiye. Ja shi zuwa kashi 3 ko 5. Kada ka kashe shi ɗungurungum, yana da ranarsa. Daga nan ka koma Storage ka kunna Storage Sense don sharar ta riƙa tafiya da kanta, amma a cikin saitinsa ka bar zaɓin Downloads a kan Never.

Manhajojin nan da ake tallatawa da sunan masu wanke kwamfuta, ba ka buƙatar ko ɗaya. Abin da suke gogewa na gaskiya shi ne wanda ka riga ka goge yanzu, share rajistar Windows kuma ba ya ba da wurin da zai kai ko da hoto ɗaya.

Naka kayan

A nan ne yawanci ɓarawon wurin yake. Foldar AppData ɓoyayya ce, shi ya sa mutum zai duba Documents da Pictures ya ga ba komai, alhali foldar sunansa ta kai GB 50. Danna maɓallin Windows da R, ka rubuta %appdata% ko %localappdata% ka shiga.

Mai amfani da Internet Download Manager ya duba %appdata%\IDM\DwnlData. Duk fim ko manhajar da data ta ƙare ana tsakiyar saukewa, guntayenta suna nan a jibge, wani lokaci na shekaru. Idan ba ka da niyyar ci gaba da su, goge su daga jerin manhajar sannan ka share foldar. Telegram Desktop tana zuba duk abin da ka buɗe a Downloads\Telegram Desktop, ban da ma'ajiyarta ta wucin gadi da ake sharewa daga cikin saitin manhajar. Wanda ke cikin zaurukan finafinai ko na karatuttukan malamai zai sha mamakin abin da zai tarar. Wanda ya taɓa haɗa iPhone da iTunes ya nemi folda mai suna MobileSync: kwafin wayar ne sukutum, yana iya kai girman abin da ke cikin wayar. BlueStacks da sauran manhajojin da ke kwaikwayon Android suna da faifan kansu da ke kumbura, kuma ba ya cika sacewa don ka goge abu a ciki. Masu tace bidiyo da CapCut ko Premiere Pro su share ma'ajiyar wucin gadi daga cikin saitin manhajar, ba da hannu ba.

Sai kayan da aka turo daga waya. Akan kwashe foldar kyamara ta Xender ko ta kebul yau, bayan wata uku a sake kwashe ta gaba ɗaya zuwa wata folda, bidiyo ɗaya ya zama uku. Manhajar dupeGuru tana gano irin waɗannan ta duba cikin fayil ɗin, ba sunansa kawai ba. Ka nuna mata foldojinka kaɗai, kada ka sake ta a kan C gaba ɗaya. Ka nemi kuma fayilolin ISO da ZIP da manyan fayilolin girka manhaja da aka riga aka yi amfani da su.

Manhajojin da ba ka amfani da su, ka cire su ta Settings, Apps, ka jera su bisa girma. Goge foldar manhaja daga Program Files ba cirewa ba ne, raguwarta za ta ci gaba da damun ka.

Wani abu da ya kamata a duba, musamman ga masu faifan GB 500: danna dama a kan Start ka buɗe Disk Management. Masu gyara da yawa sukan raba faifai biyu, su ba C GB 100 su bar wa D sauran, sai C ta cika D kuma tana hamma. Mafita mafi sauƙi ita ce mayar da Downloads, Videos, Pictures da Documents zuwa D: danna dama a kan foldar, Properties, Location, Move. Ka fara ƙirƙirar folda a D, misali D:\Bidiyo, ka zaɓe ta. Idan ka zaɓi D ɗin kansa ba folda ba, Windows za ta ɗauki faifan duka a matsayin foldar Videos, warware wannan kuwa akwai ciwon kai. Faɗaɗa C da Extend Volume yana yiwuwa ne kawai idan akwai fili marar rabo manne da shi ta hannun dama.

OneDrive na ba da GB 5 kyauta, Google kuma GB 15 da ake rabawa tsakanin Gmail, Drive da Photos. Sun isa ajiyar takardu masu muhimmanci. Ga bidiyo kuwa, kuɗin datar da za ka ƙona wajen ɗorawa da saukewa gara ka tara shi ka sayi faifai.

Bayan duk wannan, a kwamfuta irin taka mai yiwuwa ka samu GB 15 zuwa 30. Idan sararin ya kai GB 25 kuma aikinka rubutu ne da intanet, za ka iya zama a haka. Idan kuwa bai kai ba, ko kana harkar hoto da bidiyo, to 128 ya yi maka kaɗan, kuma bayan wata biyu za ka dawo inda kake. SSD, wato faifai marar juyawa irin naka, yana son a bar masa kashi 10 zuwa 20 fayau, domin da wannan filin yake jujjuya bayanai. Idan ya cika maƙil sai rubutu ya yi nauyi, wanda shi ne nauyin da kake ji.

Wane faifai

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sayi faifan kafin a duba ramin da zai shiga. Iri huɗu ne za ka haɗu da su. Akwai tsohon faifai mai juyawa na inci 2.5, wanda a laftof yakan yi MB 80 zuwa 120 a daƙiƙa. Akwai SSD na SATA mai inci 2.5, siffarsu ɗaya da bakinsu ɗaya da na farkon, yana kai wa kusan MB 550. Akwai M.2, ɗan siriri kamar rula, shi kuma kashi biyu ne: M.2 na SATA, wanda gudunsa ɗaya da na inci 2.5, da M.2 na NVMe, wanda ke kai wa wajen MB 3,500 a PCIe 3.0, ninki biyu na haka a PCIe 4.0. Na SATA yawanci tsaga biyu gare shi a bakinsa, na NVMe tsaga ɗaya. Matsalar ita ce wani ramin zai karɓi faifan ya zauna daram, amma kwamfutar ta ƙi ganinsa, domin ramin iri ɗaya kaɗai yake ji. Lambar da ke jikinsa girmansa ce: 2280 na nufin faɗin milimita 22, tsawon 80. Akwai gajeru, 2242 da 2230. Tsofaffin kwamfutoci wasunsu mSATA suke ɗauka, wanda ya yi kama da M.2 amma ba ya shiga raminsa. Ƙananan laftof masu GB 32 ko 64 kuwa galibi eMMC ne da aka liƙe a jikin bod, wato babban allon kwamfutar, ba a canza shi. Sai dai katin SD ko faifan waje.

Don sanin naka, rubuta msinfo32 ka ga System Model, ka nemo littafin gyaran wannan samfurin a shafin kamfanin. Na HP sunansa Maintenance and Service Guide. Manhajar CrystalDiskInfo kuma za ta gaya maka ko faifan da ke ciki yanzu SATA ne ko NVMe, da lafiyarsa.

Kai ka yi sa'a. 840 G3 tana da gurbi biyu: ramin M.2 2280 da ke karɓar SATA da NVMe, da kuma wurin faifan inci 2.5 mai kaurin milimita 7. Idan 128 ɗinka M.2 ne, akwai yiwuwar ɗaya gurbin fayau yake. To hanya mafi arha da rashin haɗari ita ce ka sa SSD na inci 2.5 mai GB 512 ko TB 1 a wurin, ka bar Windows inda take, ka mayar da foldojinka can kamar yadda aka bayyana a sama. Ba kwafar Windows, ba sake lodi. Ka dai duba ko ƙarfen da ke riƙe faifan yana nan, domin a kwamfutocin hannu sau da yawa an cire shi; faifan da ba a ɗaure ba yana zamewa daga bakinsa. Bayan ka sa shi ba zai bayyana a This PC ba sai ka shiga Disk Management, ka zaɓi GPT, ka yi New Simple Volume da tsarin NTFS. Laftof mai wurin DVD ma ana cire na'urar a sa mazaunin faifai a gurbinta, sai dai a auna kauri, ko milimita 9.5 ko 12.7. Kwamfutar tebur kuwa kebul ɗin SATA ɗaya take buƙata da bakin wuta daga akwatin wutarta. Ka sani wasu bod ɗin suna kashe ɗaya daga cikin ramukan SATA idan aka sa M.2.

Idan kuma ka fi son Windows ɗin ma ta samu fili, sayi M.2 mai GB 512 aƙalla. Bambancin kuɗi tsakanin 256 da 512 bai kai wahalar sake wannan aiki baɗi ba. Kada ka biya ƙarin kuɗi don PCIe 4.0, kwamfutarka ba za ta iya cin gudunsa ba. A aikin yau da kullum ma, tazarar da ke tsakanin SATA da NVMe ba ta kai ko kusa da wadda ke tsakanin faifai mai juyawa da kowane SSD ba. Abu ɗaya da sabon faifai ba zai canza ba: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma injin 840 G3 ƙarni na shida ne na Intel, alhali Windows 11 a hukumance daga na takwas take farawa.

A kasuwa, ka tafi da kwamfutar a gwada a gabanka. Araha ba ta ado: faifan waje ko filashin da aka rubuta wa TB 2 ana sayar da shi kuɗin na GB 64, jabu ne. Kamar mudun da aka yi wa ciko a gindi yake: an sauya ƙwaƙwalwarsa ya riƙa faɗin girman ƙarya, zai karɓi duk abin da ka zuba, sunayen fayilolin su fito, amma da ya wuce ainihin cikinsa sai sabo ya riƙa hawa kan tsoho ko ya tafi a banza. Ba za ka gane ba sai ranar da bidiyon ya ƙi buɗewa. Manhajar H2testw tana cika faifan da bayanai ta sake karanta su, ta faɗi ainihin girmansa. Tana ɗaukar awoyi, don haka ka yi yarjejeniya da mai shago cewa za ka dawo da shi idan ya faɗi gwajin. A CrystalDiskInfo ka duba Power On Hours da Total Host Writes: sabon faifai bai kamata ya nuna ɗaruruwan awoyi ba. Idan na hannu ne, ka gwada Total Host Writes, wato jimillar bayanan da aka taɓa zubawa a kansa, da iyakar da kamfani ya ba shi. Samsung 870 EVO mai GB 500, alal misali, TB 300 aka ƙiyasta masa, Crucial MX500 mai girma ɗaya kuma TB 180. Duk faifan da ya nuna Caution da ruwan ɗorawa, bar musu kayansu.

Mayar da Windows kan sabon faifai

Kafin komai, kwafe takardunka da hotunanka zuwa wani wuri na daban. Sannan ka duba BitLocker, wato makullin da Windows ke sa wa faifai: idan a kunne yake, ka adana mabuɗinsa mai lamba 48, ko ma ka kashe shi ka jira ya gama warwarewa. Kwamfutocin hannu da suka fito daga ofisoshin ƙasashen waje sukan zo da irin wannan, kuma wanda ya rasa mabuɗin ya rasa kayansa.

Hanya ta farko ita ce kwafar faifan sukutum. Tunda ramin M.2 ɗaya ne, kana buƙatar akwatin USB da za ka sa sabon faifan a ciki, kuma shi ma akwai na SATA akwai na NVMe, akwai mai karɓar duka biyun. Rescuezilla da Clonezilla kyauta ne, daga filashi ake tayar da su. Na farkon ya fi sauƙin fahimta. Samsung, Crucial da WD suna da nasu manhajojin kyauta ga wanda ya sayi faifansu. Jona a ramin USB 3.0, mai launin shuɗi ko alamar SS. GB 100 zai ɗauki wajen rabin awa, a USB 2.0 kuwa awa ɗaya ko fiye. Batir ya kasance a cike, caja a jone, kwamfutar tebur kuma sai da UPS ko inbata. Wurin da ya fi haɗari shi ne zaɓen tushe da inda za a zuba: ka tabbatar da girma da sunan kowanne sau biyu, domin idan ka juya su, faifan da ba komai ne zai hau kan mai kayanka. Ka kwafe dukkan ɓangarorin, har da ƙananan nan na EFI da Recovery, ba C kaɗai ba. Babu su, Windows ba za ta tashi ba.

Tun kafin kwafar, duba BIOS Mode a msinfo32. Idan ya ce Legacy, faifanka tsohon tsari ne na MBR, kuma NVMe galibi ba ya tayar da Windows sai ta sabon tsari, wato UEFI da GPT. Umarnin mbr2gpt /validate /allowFullOS zai nuna ko za a iya sauyawa, sannan a maimaita da /convert, a shiga BIOS, wato saitin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, ta F10 a HP a mayar da shi UEFI.

Wajen buɗewa, riƙe Shift yayin da kake danna Shut down don ta mutu gaba ɗaya. Cire caja, kwance notin murfin ƙasa da ƙaramin sukudireba, wasunsu suna ɓoye ƙarƙashin robobi, ka jera su yadda ka ciro su domin tsayinsu ba ɗaya ba ne. Cire batir ko bakinsa, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15. Ka taɓa ƙarfe kafin ka taɓa bod, musamman lokacin hunturu da iska ta bushe jiki ke tara lantarki. Kada a yi aikin a kan kafet ko bargo. Noti ɗaya ne ke riƙe M.2. Da ka kwance shi faifan zai ɗago da kansa, ka zare shi a karkace. Sabon ma a karkace yake shiga, kamar digiri 30, har zinaren bakinsa ya ɓace, sannan a kwantar da shi a ɗaure ba da ƙarfi ba.

Tashin farko, kada tsohon faifan ya kasance a jone, ko ta USB ne. Faifai biyu masu shaida iri ɗaya suna rikita Windows, ta kashe ɗaya ko ta tashi daga wanda ba shi kake nufi ba. Idan shuɗin allo ya fito da INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, yawanci direban NVMe ne bai tashi da wuri ba saboda Windows ta saba da SATA: shiga Safe Mode sau ɗaya, ka sake kunnawa, galibi shi ke nan. Idan ta tashi amma C na nan a GB 119, sauran filin yana zaune ba rabo. Faɗaɗa shi a Disk Management, idan kuma ɓangaren Recovery ya tare tsakani, sai an matsar da shi da GParted, wadda ke cikin Rescuezilla.

Hanya ta biyu ita ce sabon lodi, kuma ita ta fi idan Windows ɗin dama tana da matsala, ko ƙwayar cuta, ko ba ka san abin da mai ita na farko ya zuba ba. Kana buƙatar filashi mai GB 8, wanda za a goge duk abin da ke kansa, da Media Creation Tool ko Rufus, da data wajen GB 6. Canza faifai ba ya taɓa lasisin Windows, domin da bod aka ɗaure shi. Ka dai duba Activation tukuna, ka loda iri ɗaya, Pro a kan Pro, Home a kan Home. Ajiye direban Wi-Fi a filashin, ka kuma tabbatar kana da kalmomin sirrinka da lasisin Office. A sababbin kwamfutoci masu Intel ƙarni na 11 zuwa sama, mai lodin kan ce bai ga faifai ba. Direban Intel RST ne ake ɗora masa ta Load driver.

Bayan an gama, rubuta fsutil behavior query DisableDeleteNotify; idan ya ba da 0, TRIM na aiki, wato Windows tana sanar da SSD wuraren da aka goge. Kada ka sa masa manhajar difiragi, wato mai harhaɗa guntayen fayiloli a faifai mai juyawa, Optimize Drives na Windows ya san abin da ya dace da shi.

Tsohon faifan ka ajiye shi yadda yake na mako biyu, har ka tabbatar babu abin da ya ɓace. Daga nan ka sa shi a akwatin USB ya zama faifan waje. Idan Windows kaɗai zai riƙa shiga, yi masa NTFS. Idan har da Mac ko talabijin, exFAT. FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce GB 4. Abin da ka mayar can ka goge daga kwamfuta, kwafi ɗaya ne tak yake da shi, don haka hotunan iyali da takardun shaida su kasance a wuri biyu aƙalla, kuma SSD da aka jefa a durowa shekara da shekaru cikin zafi ba wurin dogon ajiya ba ne. Idan kuma sayar da shi za ka yi ko kyauta, Quick Format ba ya tabbatar da gogewa, manhajar dawo da fayil tana iya fito da hotunanka. Faifai mai juyawa a cire alamar Quick a yi cikakken fomatin, SSD kuwa a yi masa Secure Erase daga manhajar kamfaninsa ko daga BIOS.